Mai Da Hankali: Ina Ya Tafi Da Za A Mayar Da Shi?

Tun daga ƙuruciya zuwa yau, babu umurnin da aka fi maimaita mini kamar "mai da hankali". Uwa ta faɗa, malamin allo ya faɗa da bulala a hannu, malamin firamare ya faɗa, yanzu kuma ga shi a jami'a malamanmu suna faɗa duk ranar da za a shiga wani babi mai wuya na nahawu ko na tsarin sauti. Na tabbata kai ma mai karatu haka abin yake a wurinka. To amma cikin duk waɗanda suka ba mu wannan umurni, ƙalilan ne suka tsaya suka nuna mana yadda ake yi. An dai ɗauka abu ne da kowa ya iya, kamar ƙifta ido, wanda bai yi ba kuwa ko dai malalaci ne ko mai taurin kai. Abin da nake son in tattauna da 'yan'uwana ɗalibai a wannan fitowa ta mujallarmu shi ne, mai da hankali sana'a ce da ake koyo, tana da ƙa'idojinta, kuma Bahaushe ya riga ya ajiye babbar ƙa'idar a cikin lafazin kansa.

Mu da muke nazarin Hausa a nan Kudu muna da wata garaɓasa da takwarorinmu na Kano ko Sakkwato ba su cika samu ba. A ajinmu akwai Yarabawa da Ibo da 'yan wasu ƙabilu waɗanda sai a makaranta suka fara koyon harshen, kuma mai koyo yakan yi tambayar da ɗan gida ba zai taɓa tunanin yi ba. Wata rana muna bita, wata 'yar ajinmu Bayarabiya ta tambaye ni ko "mai da" ɗin da ke cikin "mai da hankali" shi ne dai na "mai da littafi laburare" da "mai da akuya gida". Na ce mata shi ne. Sai ta ce, to ashe hankalin tafiya yake yi ke nan, tun da ba a mayar da abin da bai bar wurinsa ba. Da na bi sauran maganganun da muke yi da kalmar, sai na ga duk sun ba ta gaskiya. Mukan ce hankali ya tashi, ya kwanta, ya gushe, ya rabu biyu, ya koma gida. Mukan ce an ɗauke wa mutum hankali, an ja hankalinsa, ko ya tattara hankalinsa wuri ɗaya. Idan yaro ya fara wuce gona da iri sai a ce masa "shiga hankalinka", kamar wani ɗaki ne da ya fita daga cikinsa. Wato a idon Bahaushe, hankali tamkar dabba ce mai ƙafa, mai son yawo, wadda ba ta zama wuri ɗaya sai da makiyayi.

Masana harshe suna danganta kalmar hankali da kalmar Larabci aƙal, ita kuwa a can tushenta ɗaya da iƙal, igiyar da ake dabaibaye raƙumi da ita don kada ya ɓace. Mu ma ga akala nan muna da ita, har mukan ce wane ya karkata akalar zance. Ko ba komai, wannan ya nuna mutane sun daɗe da gane cewa abin nan da ke cikin kai yana bukatar igiya. Haka kuma magabata sun ce hankali ke gani, ido gululu ne. Duk ɗalibin da ya taɓa kwana a aji yana karatun jarrabawa ya san fassarar wannan karin magana ba sai an yi masa ba. Ido yana bin layi ɗaya bayan ɗaya har ya kai ƙarshen shafi, hannu ya juya takarda, amma da za a tambaye ka abin da ke shafin da ka wuce, ko kalma ɗaya ba za ka kawo ba. Idon yana aji, mai idon yana gida yana lissafin kuɗin rajista, ko yana sake wata gardama da aka gama tun shekaranjiya.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba, kuma har an auna shi. A shekarar 2010 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu na Jami'ar Harvard da ke Amurka, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert, suka buga sakamakon wani bincike a mujallar Science. Sun yi wata manhaja a wayar iPhone wadda takan tuntuɓi mutum a lokacin da bai zata ba, ta tambaye shi yadda yake ji a daidai wannan lokaci, da abin da yake yi, da kuma ko tunaninsa yana kan abin da yake yi ko yana wani wuri dabam. Daga amsoshin mutum 2,250, yawancinsu mazauna Amurka, sai aka ga a kashi 46.9 cikin 100 na lokutan da aka tambaya, hankalin mutanen ba ya kan abin da ke gabansu. Kusan rabin rayuwar farke ke nan. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, mutanen sun fi rashin jin daɗi a lokacin da hankalinsu ya tafi yawo, kuma ko da wurin da ya tafi mai daɗi ne, daɗin bai wuce na wanda hankalinsa ke kan aikinsa ba. Wani binciken kuma da Timothy Wilson na Jami'ar Virginia ya jagoranta a 2014 ya fi wannan ban dariya da ban tausayi. An zaunar da mutum shi kaɗai a ɗaki na minti 15, babu waya, babu littafi, sai wani maɓalli da in ya latsa wutar lantarki za ta ɗan ja shi. Maza 12 cikin 18 da mata 6 cikin 24 sun latsa, alhali tun farko sun ce da a ja su da wutar gara su biya kuɗi. Zama da kai shiru ya fi jan wuta wuya a wurin wasu.

Kada a ɗauka wai yawon hankali cuta ce da za a kawar. Tun a 2001 Marcus Raichle da abokan aikinsa suka nuna, ta hanyar na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, cewa akwai wasu sassan ƙwaƙwalwa da suke ƙara himma a daidai lokacin da mutum ba ya wani aiki takamaimai, kuma ana danganta su da tuna baya da hasashen gaba da tunanin kai. Haka Allah Ya gina mu. Da wannan yawo ne ake shirya gobe, da shi marubuci ke samo labari, da shi ake tuna cewa an bar tukunya a kan risho. Matsalar tana zuwa ne idan raƙumin ya tafi da mai shi ba tare da mai shi ya sani ba, musamman in ya saba zuwa wurare biyun nan: jiya, inda ake taunar da-na-sani, da gobe, inda ake gina bala'in da bai faru ba.

Horon da ake yi wa hankali don ya riƙa sanin inda yake, shi Turawa ke kira maindifulnes. Ni a wannan rubutu zan kira shi halarcin hankali, don kuwa kishiyar wanda ya tafi shi ne wanda ya halarta. Ya kamata in faɗi asalinsa ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Kalmar Turancin fassara ce ta kalmar sati, daga harshen Pali wanda aka rubuta tsofaffin littattafan addinin Buda da shi, addinin da ya taso a arewacin Indiya kimanin shekara 2,500 da suka wuce. Wani Bature ɗan Birtaniya mai suna Rhys Davids, wanda ya yi aikin mulki a tsibirin da yanzu ake kira Siri Lanka, shi ya yi amfani da wannan fassara a 1881. Asalin ma'anar sati kuwa tana da alaƙa da tunawa. Wannan ya yi daidai da abin da muka gani a Hausa: wanda ya rafkana ya manta inda yake ne, sai ya tuna ya dawo.

Wanda ya fito da abin daga wuraren ibada ya kai shi asibiti shi ne Jon Kabat-Zinn, Ba'amurke masanin kimiyyar ƙwayoyin halitta. A 1979 ya buɗe wani sashe a asibitin koyarwa na Jami'ar Masachusets don marasa lafiyar da ke fama da ciwo mai daɗewa da matsin rai, waɗanda magani bai gama yi musu aiki ba. Ya tsara horo na mako 8, ana haɗuwa sau ɗaya a mako na kimanin awa biyu da rabi, sannan kowa ya yi atisayen minti 45 a gida kusan kullum. Ya cire al'amuran bauta, ya bar horon lura da numfashi da jiki da tunani. A bayaninsa abin yana da sharaɗi uku. Na farko a yi shi da niyya, ba wai abu ya fizgi hankalinka ba kamar yadda ƙarar hatsarin mota ke yi. Na biyu a kan abin da ke faruwa yanzu za a lura. Na uku, wanda ya fi wuya, a lura ba tare da gaggawar yanke hukunci ba. A zaman farko akan ba kowa ƙwayar zabibi guda ɗaya, a ce ya dube ta, ya taɓa, ya sansana, ya sa a baki ya tauna a hankali. Mai karatu zai iya gwadawa da dabino ko ƙwayar gyaɗa. A lura ma da wannan "a hankali" ɗin namu: kalma ɗaya ta ɗauki ma'anar sannu-sannu da ta kulawa, kamar Bahaushe yana cewa wanda ke gaggawa ya bar hankalinsa a baya.

To yaya ake yi? Ga yadda nake yi, kuma shi ne dai tushen da ake koya wa kowane mai farawa. Nakan zauna a bakin katifa ko a kujera, baya a miƙe ba tare da sandarewa ba, in sa agogon waya ya buga bayan minti goma, in kife ta. Sai in nemi wurin da na fi jin numfashi, ko a ƙofar hanci inda iska ke shiga da ɗan sanyi ta fito da ɗumi, ko a ciki inda yake tasowa yana komawa. Ba na ja da ƙarfi, ba na gyara shi, ina dai jin sa yadda yake. Wasu sukan ƙirga, kowace fitar numfashi ɗaya, har zuwa goma, su sake daga farko. Kafin a kai biyar, sau da yawa, an tafi. An tuna aikin da malam ya bayar, daga nan an tuna wanda ya ari littafi bai dawo da shi ba, daga nan an shiga shirya maganar da za a faɗa masa. Can sai wani abu ya ce maka: af, ai numfashi nake bi. Wannan ɗan lokaci na "af" shi ne zuciyar aikin gaba ɗaya. Sai ka ce a ranka "tunani ne", ka dawo kan numfashi. Ya sake tafiya, ka sake dawo da shi. In sau hamsin ya tafi, sau hamsin za a mayar.

A nan ne mafi yawan masu gwadawa ke karaya. Na ji abokai da dama suna cewa sun gwada ba su iya ba, don tunani ya ƙi tsayawa. Ai dama ba a ce zai tsaya ba. Neman kai ya zama fanko kamar neman zuciya ta daina bugawa ne. Mai ɗaga ƙarfe ba ya cewa ya kasa don ƙarfen yana saukowa, tun da saukowar ce ke ba shi damar sake ɗagawa, kuma a ɗagawar ne damtse ke ƙarfi. Haka tafiyar hankali ita ke ba da damar mayarwa. Shi ya sa na ce Bahaushe ya riga ya faɗi ƙa'idar. Bai ce "daskarar da hankali" ba, bai ce "kulle hankali" ba, cewa ya yi a mayar da shi. Sai dai yadda ake mayarwar yana da muhimmanci. Makiyayin da ke jibgar dabba duk lokacin da ta kauce, dabbar za ta riƙa gudunsa ne. Idan duk sanda ka farga sai ka hau kanka da faɗa, kana cewa ni dai ban da amfani, ko minti ɗaya ba na iya natsuwa, to ka buɗe sabon yawo ke nan, wanda ya fi na farko ɗaci. Ma'anar sharaɗin nan na uku ke nan. Ba wai a daina bambance kyakkyawa da mummuna ba ne, a'a, a dai fara ganin abu yadda yake kafin alƙalin cikin kai ya buga guduma.

Akwai kuma wani atisayen da ake yi a kwance, inda ake bi da hankali daga yatsun ƙafa zuwa ƙoƙon kai, gaɓa bayan gaɓa, ana jin abin da ke wurin: zafi, sanyi, nauyi, tsami, ko ma babu komai. Wannan ban cika yin sa da rana ba, don ƙarshensa barci.

Na san akwai wanda tun da ya ga sunan Buda ya ɗaure fuska, kuma tambayarsa tana kan hanya. Fatawa ta malamai ce, duk mai shakka ya nufe su. Abin da zan iya faɗa a matsayin ɗalibi shi ne, matsalar yawon hankali ba baƙuwa ba ce a karatunmu na gida. Duk wanda ya zauna a zaure ya karanta Ahalari, littafin Shehu Abdurrahman al-Akhdari na ƙasar Aljeriya wanda ya rayu a ƙarni na 16, ya san yadda babin rafkanuwa ya cinye wani babban kaso na ɗan littafin. Ƙabli in an rage, ba'adi in an ƙara, wanda ya yi kokwanto ko raka'a uku ya yi ko huɗu ya yi gini a kan abin da ya tabbatar. Har mai yawan waswasi an yi masa nasa hukunci, an ce ya yi watsi da waswasin, ya yi sujada bayan sallama. Dubi hikimar da ke ciki. Ba a ce wanda ya rafkana ya bar salla ba, ba a ce ya zauna yana zagin kansa ba. An san zai rafkana, sai aka ba shi hanyar gyarawa ya ci gaba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi dogon bayani a Ihya'u Ulumiddin kan halarcin zuciya a salla, ya sa shi a farkon ma'anoni shida na ɓoye da ke raya ta. Ya kuma raba abubuwan da ke ɗauke hankali gida biyu, na waje da na ciki. Na waje maganinsu a runtse ido daga kalle-kalle, a matsa kusa da bango, a kawar da abin da ke jan ido. Na ciki kuwa su suka fi wuya, don tushensu abin da zuciya ta ƙwallafa rai a kai. Kalmar zikiri ma ai ma'anarta tunawa, kishiyarta gafala.

Duk da haka ba zan ce abu ɗaya ba ne, kuma ban yarda da masu cakuɗa su ba. Khushu'i a salla ibada ce, fuskantar Allah ce, akwai tsoro da fata da kunya a cikinta. Bin numfashi na minti goma a bakin katifa ba ibada ba ne, ba ya maye gurbin salla ko wuridi, kamar yadda tsallen igiya ba ya maye gurbin tafiya masallaci duk da cewa ƙafa ɗaya ake amfani da ita. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne gaɓar da ake horarwa, wato iya farga da cewa an tafi, da iya dawowa. 'Yan'uwanmu Kirista da ke cikin wannan sashe su ma sun san yadda tunani ke sulalewa a tsakiyar addu'a. Wanda ransa bai kwanta da zaman bin numfashi ba, yana da alwala sau biyar a rana. Ya gwada ya yi guda ɗaya yana jin sanyin ruwan a tafin hannu, a fuska, a tsakanin yatsun ƙafa, daga farko har ƙarshe, ya ga ko sau nawa zai tafi kafin ya kai shafar kai.

Yanzu kuma sai tambayar da ɗan jami'a bai kamata ya tsallake ba: yana aiki kuwa? Amsar ita ce yana yi, amma ba kamar yadda masu tallarsa a intanet ke kururutawa ba. A 2000 John Teasdale da Zindel Segal da Mark Williams da abokansu sun gwada wani tsari da ya haɗa wannan horo da dabarun likitocin ƙwaƙwalwa a kan mutum 145 da suka warke daga ciwon tsananin damuwa. A cikin waɗanda ciwon ya taɓa kama su sau uku ko fiye, dawowarsa ta ragu daga kashi 66 zuwa kimanin kashi 40 cikin 100. Wanda ya fi kusa da mu shi ne na Jami'ar Cambridge da aka buga a 2018, inda aka raba ɗalibai 616 gida biyu, aka ba kashi ɗaya horon mako 8. Da lokacin jarrabawa ya zo, kashi 57 cikin 100 na waɗanda ba a horar ba damuwarsu ta haura ma'aunin da likitoci ke ɗauka abin kulawa, a waɗanda aka horar kuwa kashi 37 ne. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Ga kuma ɗaya gefen. A 2014 masu bincike na Jami'ar Johns Hopkins sun tattara gwaje-gwaje 47 da suka ƙunshi mutum 3,515, suka ga amfanin matsakaici ne a kan fargaba da damuwa da raɗaɗin ciwo, kuma ba su ga hujjar cewa ya fi motsa jiki ko magani ba. A 2022 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji a makarantun sakandare fiye da 80 na Birtaniya, da yara fiye da 8,000, inda aka sa darasin cikin manhajar karatu. Bai fi darussan da aka saba yi amfani ba, kuma yawancin yaran ba su yi atisayen a gida ba. Ni abin da na ɗauka daga wannan shi ne, abin ba ya shiga da tilas, sharaɗin niyya ba ado ba ne. Har ila yau, binciken da Jared Lindahl da Willoughby Britton na Jami'ar Brown suka buga a 2017 ya tattara labaran mutum 60 masu zurfafa irin wannan zama, waɗanda suka gamu da abubuwa kamar tsoro da rashin barci da tasowar tsofaffin raunukan zuciya. Don haka wanda ya taɓa shiga mummunan tashin hankali, in ya ga zaman shiru yana tayar masa da abin, ya buɗe ido ya tashi, ya nemi likita. Wanda ke shan magani kada ya ajiye don ya karanta wannan rubutu. Kuma bin numfashi ba ya biyan kuɗin makaranta, ba ya cika ciki, ba ya janye yajin aiki. Ina jin haushin masu nuna kamar duk wahalar talaka a cikin kansa take.

Inda ya fi yi mini amfani shi ne wajen raba abin da ke faruwa da labarin da kai ke ƙullawa a kansa. A ɗauki daren jarrabawa. Abin da ke faruwa a zahiri kaɗan ne: ƙirji ya ɗaure, tafin hannu ya jiƙe, zuciya na bugawa da sauri. Labarin kuwa dogo ne: zan faɗi, zan kwashi kariyoba, za a ƙara mini shekara, baba zai ce kuɗinsa ya tafi a banza, ƙannena za su ji. Cikin daƙiƙa goma an yi shekara biyu, an ma ga fuskar baba. Wanda ya saba farga da tafiyar hankali a kan abu mai sauƙi kamar numfashi, yakan fi saurin farga a nan ma. Sai ya ce wannan tunani ne, ba labarin da aka aiko daga ofishin jarrabawa ba ne. Ɗaurewar ƙirjin ba lallai ta tafi ba, amma an daina zuba mata fetur, kuma littafin da ke gabanka, wanda shi kaɗai ne abin da za ka iya taɓawa a daren, ya dawo fili. Kada kuma a fahimci zama a yanzu da cewa a daina shirin gobe. Zama a tsara jadawalin bita aiki ne da ake yi yanzu, da sani. Kwanciya ana juyi ana kallon kai a cikin faɗuwa sau ɗari, wannan ba shiri ba ne.

Wani zai ce ina aka ga wurin shiru a ɗakin kwanan ɗalibai, inda mutum shida ke ɗakin mutum biyu, ga janareto, ga lasifikar masu wa'azi, ga hon ɗin 'yan acaɓa tun asuba? Ba a bukatar shiru. Ƙarar ma ana iya mayar da ita abin lura a madadin numfashi. Ka saurari janareton a matsayin sauti kawai, yadda yake hawa yana sauka, ka lura da lokacin da kai ya tsallaka daga jin sautin zuwa zagin mai janareton, sai ka dawo. Tafiya daga ɗaki zuwa aji ma haka, ka bar waya a aljihu ka ji tafin ƙafa yana taɓa ƙasa. Mafi wuya a wurina shi ne sauraren mutum. Galibinmu idan aboki yana magana ba saurare muke yi ba, jira muke ya numfasa mu jefa tamu. Ranar da ka saurari wani har ya kai aya ba tare da ka shirya amsa a ranka ba, za ka ji abubuwan da bai faɗa da baki ba, kuma shi ma zai gane an saurare shi.

Ga wata 'yar dabara da nake yi a lacca, wadda ba ta cin ko sisi. A gefen takardar da nake rubutu, duk lokacin da na farga hankalina ya bar malam, sai in ja ɗan gajeren layi, in dawo. Ba na tsayawa binciken inda na je. A makonnin farko layukan ƙaruwa suka yi maimakon su ragu, kuma haka ya kamata, don ba tafiyar ce ta ƙaru ba, fargar ce ta ƙaru, tun da can baya akan yi rabin awa a waje ba tare da an ja ko layi ɗaya ba. Da na tara takardun wata guda na duba, sai na ga layukan ba a warwatse suke ba. Suna taruwa ne a wuri biyu: bayan an yi kamar sulusin awa da farawa, da kuma duk sanda waya ta motsa a aljihu, ko da ban ciro ta ba. Na farkon nakan tare shi da gyara zama da jan numfashi uku da sani. Wayar kuwa yanzu a kashe take shiga jaka kafin malam ya shigo, ni kuma na bar kujerun bakin taga na koma layi na biyu.